Shanyar Gwaggo Lami a Bakin Rafi

Talata: Kaduna zuwa Birnin Gwari

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ban gama shafa addu'a ba, yayana Sani ya fara danna hon a ƙofar gida kamar wanda ya zo ɗaukar mai naƙuda. Shi ya ƙirƙiro tafiyar, ni aka ɗora wa, kamar yadda aka saba a gidanmu: maza su yanke shawara a kan tabarma, mata su hau mota. Na bar ɗinkunan mutane a kan keke, na ɗauki jaka ɗaya da robar ruwa, ya sauke ni a tashar Mando shida saura kwata.

Saboda Gwaggo Lami aka yi tafiyar, ƙanwar mahaifinmu. Zabiya ce, ta haura sittin, tana zaune a wani ƙauye gaba da Randagi wanda ba zan faɗi sunansa ba. Labari ya iso mana cewa wani miki ya fito mata a ƙirji, ya fi shekara bai warke ba. Sau biyu Sani yana aika mata ta zo asibiti, sau biyu tana aiko masa da gaisuwa da ƙullin daddawa. Ya ce, "Hadiza, ke mace ce, ke za ta nuna wa. Kada ki dawo sai da ita."

Motar da na samu ƙarama ce. Waɗanda suka ƙera ta mutum biyar suka yi wa, amma direbanmu mai zurfin ilimi ya gano tana cin bakwai. Naira dubu shida kujera, ko in ce rabin kujera. A gaba akwai Alhaji Mamuda, dillalin masara, wanda ya biya kuɗin mutum biyu saboda tumbinsa ma fasinja ne. A baya ni ce, da Mama Rifkatu, nas da ta yi ritaya za ta gida Saminaka ta Birnin Gwari, da wani malamin firamare, Malam Isiyaku, da wani dattijon Bafulatani da ya rungume sandarsa bai ce wa kowa uffan ba. Mun tashi bakwai saura ashirin.

Bakwai da rabi muka wuce Buruku. A shingen bincike aka leƙa but, aka ce Allah ya kiyaye hanya. Ba mu yi nisa ba wayar Alhaji ta yi ƙara, ya duba, sai ya saki salati mai ƙarfi har direba ya taka birki.

"Lafiya, Alhaji?"

"Ina lafiya, duniya ta zo ƙarshe! Ku ga abin da aka turo a guruf ɗinmu na 'yan kasuwa. Turawa ne a bakin teku, mata zube a kan rairayi kamar an shanya barkono, ƙirji a buɗe, wai rana suke sha. A'uzu billahi!"

Ya nemi tsari, ya sake kunnawa. Ya sake neman tsari, ya sake kunnawa. A karo na uku har da faɗaɗa hoton da yatsu biyu, don dai ya tabbatar da girman ɓarnar. Malam Isiyaku ya miƙa hannu ya ce shi malami ne, bai kamata ya yi magana a kan abin da bai bincika ba. Ya yi bincike na minti biyu cur. Direba kuwa ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan cinyar Alhaji, har sai da muka faɗa wani rami da ya haɗa kaina da rufin mota.

Mama Rifkatu ta ce, "Direba, in kana son ka je bakin teku, ka fara sauke mu."

Daga nan muhawara ta kaure. Alhaji ya ce rashin kunya ce tsagwaronta, kuma da shi ne hukuma da bulala za a bi su. Malam Isiyaku ya ce a yi adalci, ƙasarsu ce, al'adarsu ce, wata tara suna cikin sanyi, kuma ya karanta cewa rana tana ƙara wa ƙashi ƙarfi.

Mama Rifkatu ta ce, "Ɗan abin da ƙashi ke buƙata, wanda ya je kasuwa ya dawo ya samu. Wannan kwanciyar da suke yi ƙona fata take. Farar fata ba ta da garkuwar da tamu ke da ita. Yau ta yi ja, gobe ta sale, bayan shekaru sankara ta fito a wurin. Fatar ƙirji kuma ba ta saba da rana ba, ita ce kan gaba wajen ƙonewa. Abin dariyar, su suna gasa kansu don su yi duhu, 'yan matanmu suna sayen mai suna ɗaye fatarsu don su yi fari. Da za su haɗu a tsakiya su yi musaya, da kowa ya huta."

Alhaji ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Ga zunubi ga ciwo."

Da ni yake. Na ce, "Alhaji, ni tambaya ɗaya gare ni. Matan nan sun san ana ɗaukar su?"

"Oho musu. Wa ya aike su su tuɓe?"

"To wa ya aiki mai ɗaukar? Su suna can bayan teku a kwance, ba su san da Buruku a duniya ba, ga su a cikin motarmu ana ta bincike a kansu."

Ya ce ai wanda ya shanya kayansa a hanya ba ya hana ido gani. Na ce gani daban, ɗauka a waya a raba wa 'yan kasuwar masara daban. Ya ce mata dai ba a raba su da kare juna. Sai dattijon nan Bafulatani ya gyara riƙon sandarsa, ya ce cikin Hausarsa mai sanyi, "Ni dai nagge ma, saniya ke nan, in rana ta take, inuwa take nema. Kuma ban taɓa ganin bijimi ya hau dutse yana leƙenta ba." 

Bayan Udawa daji ya rufe mu hagu da dama, kuma nan muhawara ta mutu da kanta. Ana cewa yanzu an sami sauƙi a hanyar, kuma gaskiya mun yi ta gamuwa da motoci, amma duk wanda ya san abin da aka sha a dajin nan ba ya ratsa shi yana surutu. Alhaji ya jefa wayar a aljihu ya zaro carbi. Mama Rifkatu tana motsa baki da tata addu'ar. Shinge uku muka ƙara wucewa. Goma da minti goma muka shiga Birnin Gwari, kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai a awa uku da rabi.

Da muka sauka na gaya wa Mama Rifkatu abin da ya kawo ni. Fara'arta ta ɗauke. Ta ce, "Zabiya, da mikin da ya shekara? 'Yata, kada ki tsaya gaishe-gaishen dangi. Ki ɗauko ta."

Birnin Gwari zuwa ƙauye

Na ci waina da miyar taushe ta ɗari biyar a bakin tasha, na sami ɗan acaba, wani magidanci mai furfura a gemu, Malam Haruna. Sha ɗaya daidai muka kama hanya. Rana irin ta bazara, wadda take sa ƙarfen babur ya gasa maka ƙafa. Hanyar kuwa wani wurin hanya ce, wani wurin labarin hanya. Mun ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwan farko, mun tsaya sau biyu garken shanu ya wuce, mun sha ruwa a Randagi sha biyu da rabi.

Gaba da Randagi kawai na ce masa a tasha. Da na faɗa masa sunan ƙauyen, sai ya yi dariya. "A'a, garin Baturiya za ki ke nan!"

"Wace Baturiya?"

"Ba ki gani ba? Wata tsohuwa ce zabiya, aka ɗauke ta a waya a bakin rafi ta kwanta a kan rairayi ta buɗe ƙirji tana shan rana irin na Turawa. Har kiɗa aka sa mata. Kowa yana da shi, bari in tsaya in nuna miki."

Na ce, "Kada ka tsaya, Malam. Ƙanwar ubana ce."

Ban taɓa jin babur ya yi shiru irin na ranar ba. Can ya ce, "Don Allah ki yafe ni, Hajiya. Turo mini aka yi." Na ce kowa ma turo masa aka yi, har yau ba a sami wanda ya tura ba. Daga nan har muka isa, ɗaya da kwata, kauce wa ramuka yake kamar ƙwai ya ɗauko.

Gwaggo tana cikin ɗaki, an saki labule, da rana tsaka. Mako uku ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Maƙwabciyarta Iya Saratu, wadda suka shekara arba'in katanga ɗaya, ita ke kawo mata abinci, ita ke ba albasarta ruwa a lambu, in ban da ranar Lahadi da safe da take zuwa coci.

Gwaggo ta ce, "Dije, ke ma kin gani ko?"

"Ban gani ba, Gwaggo, kuma ba zan gani ba. Mikin na zo gani."

Ta kalle ni, sannan ta sassauta zani. Mikin yana ƙasa da ƙashin wuya ta hagu, ya kai faɗin murfin kwalbar man shafawa. Gefensa ya taurare ya tashi, tsakiyar ja, yana tsattsafo da jini. Na ce yaya aka yi.

Iya Saratu ce ta ba ni labarin. Wani mai magani da ke yawo kasuwanni da lasifika ya sayar wa Gwaggo wani gari, ya ce ta barbaɗa, sannan ta riƙa shanya wurin a rana kullum da hantsi, wai miki danshi ne, maganin danshi rana. Ga hikima. Matar da tun tana jaririya uwarta ke lulluɓe ta saboda rana, ita aka aika ta shanya kanta kamar kuɓewa. Ta zaɓi kwanar rafi inda mata ke wanka, wurin da kowane namiji a garin ya san ba a bi tun kafin a haife shi. Wata biyu tana yi, mikin yana ƙara faɗi. Sai Sabi'u mai cajin waya, magidanci da 'ya'ya huɗu, ya hau wata kanya da ke tsallake ya ɗauke ta a waya.

Na ce, "Gwaggo, jibi za mu Kaduna."

"Ni? A ɗora ni a babur in ratsa Randagi da Birnin Gwari ana nuna ni da baki? Gara in mutu a ɗakina, Dije. Shekara sittin ana kira na zabiya na jure. Wannan ba zan iya ba."

Na kwana a ɗakinta. Tuwon dawa miyar kuka Iya Saratu ta kawo, Gwaggo loma uku ta yi.

Laraba: zauren mai unguwa

Tara na safe na kai ƙara. Mai unguwa dattijo ne mai kirki, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin amma ba wanda ya kawo masa magana, shi kuwa ba ya shiga abin da ba a kawo masa ba. Aka kira Sabi'u. Kafin ya iso zaure ya cika da maza, har da waɗanda ko jana'iza sai an aika musu sau biyu.

Mai unguwa ya ce, "Sabi'u, me ya kai ka kan kanya?"

"Ranka ya daɗe, sabis na je nema. Kowa ya san nan ne yake kamawa."

"To ka samu?"

"Na samu, ranka ya daɗe."

Na ce, "Ai kuwa ya samu, tunda har Birnin Gwari ya kai."

Sabi'u ya ce shi da kyakkyawar niyya ya ɗauka, don a yi wa tsohuwa nasiha, kada yara su koyi ɗabi'ar Turawa. Mutum ɗaya kawai ya tura wa, shi ma don neman shawara. Kiɗan ba shi ya sa ba. Wani daga gefe ya ce gaskiya ita ma da laifinta, mace ba ta buɗe jiki a fili. Wani ya ce ai ba fili ba ne, wurin wankan mata ne. Na farkon ya ce rafi na Allah ne, ba na mata ba. Wani dattijo ya ce shekarun baya tsofaffi da zani a ƙugu suke sussuka a tsakar gida ba wanda ya ɗaga ido, aka ce masa wancan zamanin jahilci ne, yanzu an waye. An waye ƙwarai, har an iya hawa bishiya da waya a baki.

Sai wani mai jar hula ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, shari'a ba ta yiwuwa sai da hujja. A kunna a gani, sannan a san hukuncin da za a yanke."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Mutanen da kowannensu yake da hujjar a aljihunsa, su ne ke neman a nuna musu.

Ban san Iya Saratu tana waje ba sai da na ji muryarta. Ta shigo, bayanta tsofaffin mata shida, Musulmi da Kirista, kowacce ta haura sittin. Ba su yi sallamar kirki ba. Iya Saratu ta tsaya a tsakiyar zaure ta kama bakin zaninta.

"Hujja kuke so? Ga ta nan mun kawo, ba sai an ɓata caji ba. Mu bakwai ne. Kai mai jar hula, uwarka ba ta da ruwan nono da aka haife ka, wannan ta bayana ita ta shayar da kai wata huɗu. Kai Sabi'u, ni na yanke maka cibiya. Ku zauna da kyau, yanzu za mu kwance, kowa ya kalli abin da ya sha, sannan ku fito da wayoyinku."

Jama'a, na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa ganin zaure ya zama wayam da sauri haka ba. Mai jar hula ta kan takalman mutane ya bi, ya bar nasa. Mai unguwa ya rufe fuska da hannun riga yana cewa, "Subhanallahi, Iya, a yi haƙuri, a yi haƙuri!" Sabi'u ya rasa ƙofa, ya durƙusa ya kifa kai a ƙasa yana rantsuwa. Ba wadda ta kwance komai. Hannu kawai suka ɗora a bakin zani.

Hukuncin bai ɗau lokaci ba. Sabi'u ya goge a gabana, zai je ƙofar Gwaggo ya nemi gafara a gaban mutane, za a yi shela a masallaci da coci cewa duk mai shi ya goge, kuma za a sare reshen kanyar da ke kallon rafi. Ni dai na san abin da ya shiga waya ya zama ruwan da ya zube a rairayi. Amma na karɓa.

Da la'asar Sabi'u ya zo ya tsuguna a ƙofar gida. Gwaggo ta bar shi a nan har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ta ce daga cikin ɗaki, "Na ji. Yafiya kuma sai na duba lafiyata tukuna." Da ya tafi ta ce mini har yanzu ba inda za ta.

Iya Saratu ta zauna a bakin gado ta ce, "Lami, ni ba zan lallashe ki ba. In kika mutu a ɗakin nan, jikokinki in an ce Lami, abin da ke cikin wayar Sabi'u za a nuna musu. In kin yarda da haka, kwanta. Ni dai na gaji da ba albasarki ruwa."

Gwaggo ta yi tsaki. Can ta ce, "Dije, duba ƙarƙashin gado, akwai lema."

Alhamis: komawa

Shida da rabi Malam Haruna ya iso da wani abokinsa, babur biyu. Tun jiya na kira shi, bai ko yi cinikin kuɗi ba. Na so mu bi ta bayan gari. Gwaggo ta ce a'a. Ta sa riga mai dogon hannu, ta yafa mayafi, ta buɗe lema tun rana ba ta gama fitowa ba, ta taka da ƙafa ta tsakiyar gari, tsofaffin nan bakwai a bayanta. Da ta zo shagon Sabi'u ta tsaya ta ce, "Ina kwana, mai sabis?" Ya amsa daga ƙarƙashin tebur.

Tara saura muka iso Birnin Gwari. A tasha na ga wasu samari biyu suna taɓa juna suna kallonta. Ita ma ta gan su. Ta ce, "Ni ce. Ku zo ku ɗaukar mini jaka." Suka ɗauka har but, kansu a ƙasa. Na saya mata kujerar gaba ita kaɗai, na rataya ɗankwali a gilashi ta gefen rana. Mun tashi goma da kwata, ta yi barci tun kafin mu shiga daji, ba ta farka ba sai a Buruku, inda ta sa na sayo mata mangwaro ta ce ba su kai na garinsu ba. Biyu saura muka sauka a Mando, Sani yana jira, yana ta karɓar sannu da ƙoƙari daga wurin kansa.

Juma'a: asibiti

Takwas na safe muna layi, sha ɗaya aka kira mu. Na roƙa a ba mu likita mace, aka ba mu. Ta duba wurin, ta lalubi hammata da wuya, ta tambayi abin da ake sa wa. Da Gwaggo ta ba ta labarin shanya, sai ta ajiye biro. Ta ce ya yi kama da sankarar fata, wadda rana ke jawo wa zabiya, amma sai an ɗebi ɗan nama an gwada. In bai bazu ba, aiki zai iya cire shi. Rana kuwa daga yau sai dai su gaisa daga nesa: malafa, dogon hannu, da wani mai da ta rubuta.

Sannan ta ce, "Mama, ina so in ɗauki hoton mikin don fayil ɗinki. Mikin kaɗai, ban da fuska. In ba ki yarda ba, ba zan ɗauka ba."

Gwaggo ta juyo ta kalle ni. "Dije, tambayata take yi?"

"Tambayarki take, Gwaggo."

Ta gyara zama ta ce, "To ɗauki, 'yar nan."

Ƙarfe biyu muka dawo gida. An ɗebi naman, sakamako sai bayan mako biyu, kuma ina rubuta wannan ne ba mu san abin da zai ce ba. Gwaggo tana ɗakina, ta riga ta gaya mini ɗinkina ya yi tsada kuma miyata ba ta ji daddawa ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Mama Rifkatu da ta ce in yi sauri, da Malam Haruna, da likitar da ta san a tambaya, da Iya Saratu da rundunarta, Allah ya ƙara wa zannuwansu ƙarfi. Ku kuma da har yanzu kuke ajiye da Gwaggo a wayoyinku, daga Randagi har inda ta kai, tunda kun san ta fiye da yadda mu danginta muka san ta, zumunci ya hau kanku. In an sa ranar aiki zan sanar. Tana son ayaba da lemon zaƙi. Wayoyi kuma a bar su a ƙofa.